Ƙanƙantar Kan Jariri: Abin da Tef ɗin Awo Ke Faɗa

Kalmar nan maikurosefali da likitoci ke amfani da ita daga Girkanci ta fito, ma'anarta kuwa ba ta wuce "ƙaramin kai" ba. Sai dai a asibiti ba da ido ake tantancewa ba. Ma'aikaciyar jinya takan ɗora tef ɗin awo a saman girar jariri, ta bi da shi ta saman kunnuwa, ta kewayo inda ƙeya ta fi tudu, sannan ta gwada abin da ta samu da jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya. Jaririn da ya cika watanninsa, kewayen kansa kan kai wajen santimita 34. Idan namiji ya gaza 31.9, ko mace ta gaza 31.5, to sunan ya hau kansa. Abin da ya sa ake damuwa da 'yan santimitocin nan shi ne, ƙwaƙwalwa ce ke tura ƙoƙon kai ya faɗaɗa; in ta tsaya, shi ma sai ya tsaya. Ke nan kalmar alama take nunawa, kuma duk wanda ya ɗauke ta a matsayin hukunci kan makomar yaro ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Hujjar hakan tana cikin yawan abubuwan da ke haddasa ƙanƙantar kai. Akwai gado, wanda ya fi fitowa inda ake yawan auren zumunci. Akwai cututtukan da ke kama mai juna biyu, irin su rubela da Zika, da shan barasa, da matsananciyar tamowa, da ƙarancin iskar oksijin ga ɗan tayi. Wani yaron zai tashi da farfaɗiya da raunin ji ko gani, wani kuwa kansa ƙarami ne kawai, hankalinsa garau.

A nan ne masu suka ke cewa, tun da lissafin jadawalin kansa yana jefa kusan jarirai biyu cikin ɗari ƙarƙashin wannan iyaka, ba tayar da hankalin iyaye ake yi a banza ba? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma Brazil ta ɗanɗana hakan. Da cutar Zika, wadda sauro ke yaɗawa, ta ɓarke a 2015, hukumomin ƙasar sun fara da iyakar santimita 33, suka sauko 32, daga baya suka koma ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, domin jarirai da dama da aka yi zargi, bincike ya wanke su. Amma kada a manta, lura da kawunan jarirai ce ta tona asirin illar annobar. Likitocin jihar Pernambuco ne suka ga ƙananan kawuna sun yawaita fiye da ƙima, har aka kai ga ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya a duniya ranar 1 ga Fabrairu, 2016. Laifin ba na awo ba ne, na tsayawa a kansa ne ba tare da ƙarin bincike ba.

Wasu kuma kan ce, tun da babu maganin da zai mayar da kai girmansa, ina amfanin sani? Amfanin yana da yawa. Ana shawo kan farfaɗiya da magani, ana fara gashin ƙashi da koyar da magana tun da wuri, sanin musabbabi kuma kan kare ciki na gaba, kuma rubela tana da allurar rigakafi. Sanin kuma kan ɗauke wa uwa zargin dangin miji da ɗora wa aljanu laifi.

Don haka duk uwar da ta haihu, ko a gida ne a hannun ungozoma, ta kai jaririnta a auna kansa, a rubuta a kati, a kuma ci gaba da aunawa duk ranar rigakafi.