Garin Da Kacalla Ke Wanke Wa Ruwa

Manoman fadamun Hadejia da Nguru ba sa son jin sunan kacalla, don ita ce ke toshe musu hanyar ruwa, ta zama gidan jan-baki. Ni ma da haka na ɗauke ta, ciyawar banza. To, ga labarin wani gari da ya sa ta aiki.

Sunan garin Arcata, a bakin teku yake cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, mutanensa ba su kai 20,000 ba. Ruwan masai da na wanka da na wanke-wanke duk bututu ke kwashe su zuwa wuri guda, daga nan sai lungun teku da ake kira Humboldt. Abin kuwa da hatsari, don a lungun nan ake kiwon kawa, dabbar ruwa mai ɓawo wadda ake ci ɗanya. In ƙazanta ta shiga ruwan, ciniki ya mutu, masu ci su kwanta ciwo.

Wajen 1975 hukuma ta so a gina babbar ma'aikatar inji wadda garuruwan yankin za su yi tarayya. Mutanen Arcata suka ga kuɗin ya fi ƙarfinsu. Malamai biyu na jami'ar garin, George Allen da Robert Gearheart, suka nuna cewa fadama za ta iya aikin. Aka gwada a ƙananan fangalai, aka ga ya yi, aka gama aikin a 1986.

Ga yadda abin yake. Da fari a tace tsummoki da yashi, a bar ruwan ya kwanta a tanki. Dagwalon da ya zauna a ƙasa a kwashe shi a ruɓar, ya zama taki. Ruwan saman kuma a kora shi cikin manyan kududdufai marasa zurfi. Nan rana ke dukansa, gansakuka ta tsiro ta ba da iska, ƙananan halittu da ido ba ya gani su samu ƙarfin cinye ƙazantar.

Daga nan sai fadamar kacalla, inda aikin ya fi ba ni sha'awa. Kada mai karatu ya zaci ciyawar ce ke shanye daudar duka. A'a. Kaurin tsironta ke rage gudun ruwa, abin da ke yawo a ciki ya kwanta. Inuwarta ta kashe gansakukar da ta biyo ruwan. Saiwoyi da karare kuma su ne gidan halittun nan, a kansu suke manne suna ci. Watau toshewar da ke ɓata wa manomi rai, ita ake nema a nan, sai dai an yi mata iyaka, ana kuma rage ta. Duk da haka ba a sakin ruwan sai an kashe ƙwayoyin cuta; shekaru da yawa sinadarin kulorin aka yi ta zubawa. Masu ban-ruwan lambu da ruwan Jakara a Kano su lura da wannan: ruwa ya yi garau ba shi ne ya rabu da cuta ba.

Wurin, da can juji ne da matattarar gungumen katako, yanzu an ƙirga tsuntsaye iri fiye da 300 a ciki.

Wahalarsa biyu. Yana cin fili da yawa, garin da ƙasa ta yi tsada ba zai iya ba. Sa'an nan a kwari yake, dab da teku, ƙasar yankin tana nutsewa a hankali, ruwan teku kuwa yana ƙaruwa. Ganuwar ƙasa ce kaɗai tsakaninsa da kududdufan.