LABARIN WASAN RODIYO: KABOYI DA SA DA MARAƘI

Jama'ar zango, ba wanda za a koya wa kalmar kaboyi a cikinmu. Dattawanmu sun san shi tun zamanin da ake nuna shi a sinima a Kumasi da Ankara, da malfarsa da dokinsa da bindigarsa. To, amma ainihin kaboyi makiyayi ne na ƙwadago, yana kiwon shanun wani a kan doki. Daga aikinsa ne aka fitar da wani wasa a Amurka wanda ake kira rodiyo, kada ku ce rediyo. Asalin kalmar daga bakin Sifaniyawa ta fito, ma'anarta a kewaye shanu a tattara su, domin makiyayan Meziko ne suka koya wa mutanen Amurka wannan sana'a.

Bayan da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, sai aka shiga koro garkunan shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, tafiyar wata biyu ko uku. Waɗanda kakanninsu suka koro shanu daga arewa zuwa Kumasi a ƙasa sun san irin wannan wahala. In an sami hutu, sai samari su yi gasa a ga wanda ya fi iya zama a kan doki mai tutsu, ko jefa igiya. Da masu neman kuɗi suka ga mutane suna taruwa kallo, sai aka kewaye fili aka sa mai karɓar kuɗi a ƙofa. Garin Prescott ya fara nasa a 1888, Cheyenne a 1897, Calgary ta ƙasar Kanada kuwa a 1912.

Abin da sinima ba ta cika nuna mana ba shi ne, da yawa daga cikin makiyayan nan baƙaƙen fata ne, har masana tarihi da dama suna ƙiyasta ɗaya cikin huɗu. Mafi shahara a cikinsu shi ne Bill Pickett, wanda aka haifa a Teksas a 1870. Shi ne ya ƙago dirowa daga kan doki a guje a kama sa ta ƙaho a murɗe wuyansa har ya faɗi. Shi kam har cizon leɓen san yake yi, kamar yadda ya ga karnukan kiwo suna yi. Wanda ya taɓa ganin mahauta suna hawan ƙaho zai gane irin ƙarfin halin da ake nufi. An bar cizon, amma kayar da sa ta ƙaho yana cikin wasan har yau. Pickett ya rasu a 1932, doki ne ya harbe shi a ka.

Wasan da ya fi jan 'yan kallo shi ne hawan bijimi. Ana sa bijimin da ya kai kilo 700 ko fiye a wani matsatsin shinge, mahayi ya sauko a bayansa ya riƙe igiya da hannu ɗaya, sa'an nan a buɗe ƙofa. Dole ya zauna sakan 8 ba tare da ɗaya hannun ya taɓa jikinsa ko jikin dabbar ba. Alƙalai suna ba da maki 100, rabi na mahayi, rabi na bijimi. Watau in bijiminka rago ne, kome gwanintarka ba ka cin kuɗi. Saboda haka ake zaɓen irin shanu masu tutsu ana haɗa su barbara, har bijimai suna da suna kamar 'yan dambe. Wani da ake kira Bodacious ya farfasa fuskar gwanin mahayi Tuff Hedeman a 1995, a shekarar kuma mai shi ya cire shi daga wasa don kada ya kashe wani. Kafin nan, a 1989, wani bijimi ya tunkuyi Lane Frost a baya a Cheyenne bayan ya gama hawansa, ya mutu yana da shekara 25. Abokinsa Cody Lambert ne ya fito da rigar kariya wadda mahaya suke sawa yanzu.

To, me ke sa dabba tutsu haka? A nan gardama take. Ana ɗaura mata wani ɗamara a kwiɓi, a ja shi daidai lokacin da ƙofa ta buɗe. Ku sani ba a al'aurarta ake ɗaurewa ba, kamar yadda waɗansu ke faɗa, kuma na dawaki ana lulluɓe shi da fatar tunkiya mai gashi. Masu wasan sun ce ba ya ciwo, yana sa dabbar ta ƙara harbi da ƙafafun baya ne kawai. Masu kare dabbobi kuwa sun ce, in ba ya damunta, don me take lafawa da zarar an kwance shi? Akwai kuma ƙaimi, ko da yake dokarsu ta ce a dasashe shi, da sandar lantarki da ake taɓa dabba da ita in ta ƙi motsi. Birnin Pittsburgh ya hana ɗamarar da sandar a 1992, wasan kuwa ba ya yiwuwa in babu ɗamara.

Amma a ganina ba bijimi ne abin tausayi na farko ba. Shi dukiya ne, yana da likita da abinci mai kyau, aikinsa bai wuce 'yan sakan ba, mai shi kuma ba ya son ko ƙwarzane a jikinsa. Maraƙi fa? Ba mai sanin sunansa. Ana sakin ɗan maraƙi mai nauyin kilo 100 zuwa 127 ya fita a guje, mahayi ya bi shi ya jefa masa zarge a wuya, doki ya ja birki, igiya ta miƙe, maraƙi ya tsaya cak da wuyansa. Mahayi ya diro ya ɗaga shi ya kayar, ya ɗaure ƙafa uku. Gwani yakan gama duk wannan cikin sakan 7 ko 8.

Masu wasan sukan ce ai aikin kiwo ne, haka ake kama maraƙi a yi masa lalas ko magani. Gaskiya ne ana kamawa da igiya, amma ku tambayi duk wanda ya taɓa riƙe dabba a kara. Makiyayi a daji lallaɓa maraƙi yake yi, domin in ya karye asarar maigidansa ce, kuma ba mai riƙe masa agogo. A filin wasa kuwa wanda ya fi sauri shi ke ɗaukar kuɗi, rabin sakan yana raba mai ci da mai komawa gida hannu rabbana. Agogon nan shi ya canza aikin. Babbar ƙungiyar mahayan, wadda ta samo asali a 1936, tana da dokar hukunta wanda ya fizgo maraƙi ya faɗi ta baya, tana kuma tilasta a ajiye likitan dabbobi a wurin. Ta ce dabbar da ke jin rauni ba ta kai ɗaya cikin dubu ba. Sai dai ita ce ta ƙirga da kanta, kuma masu suka sun ce ciwon wuya da na ciki ba lalle a gan shi a fili ba.

Turawan Ingila sun yi wannan gardama tun da daɗewa. A 1924 wani Ba'amurke mai suna Tex Austin ya kawo rodiyo Wembley a Landan, dabbobi suka ji rauni a gaban jama'a, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta kai ƙara. Ba ta yi nasara a kotu ba, amma a 1934 majalisa ta yi doka ta hana kayar da shanu da igiya da kokawa da su don kallo. A Calgary kuwa tseren kekunan doki ne ya fi cin rai, dawaki 6 suka mutu a 2019, daga baya aka rage kekunan da ke tsere tare daga huɗu zuwa uku.

Akwai wata hanyar kama maraƙi wadda mata suka fi yi. Ana ɗaure ƙarshen igiya a jikin sirdi da ɗan siririn zare, da zarge ya shiga wuya igiya ta miƙe, sai zaren ya tsinke, maraƙi ya wuce abinsa, ba kayarwa ba ɗauri. Gwanaye suna gamawa cikin sakan 2 ko 3, 'yan kallo kuma suna ihu kamar yadda suka saba. Tun 2020 ake yi mata babbar gasar ƙarshen shekara, kuma a jihar Rhode Island ita kaɗai doka ta yarda a yi wa maraƙi.