Magungunan da ke ceto ɓargo daga tururin nukiliya

A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil, wasu mutum biyu suka kwance wata na'urar gashin ciwon daji da aka bari a wani asibiti da ya tashi, suka sayar wa 'yan gwangwan. A cikinta akwai garin sinadarin siziyom-137, mai fitar da shuɗin haske cikin duhu. Jama'a suka yi ta taɓawa don sha'awa. Mutum huɗu suka rasu, har da yarinya 'yar shekara 6, bayan ɓargonsu ya lalace.

Me ya sa ɓargo? Domin shi ne masana'antar jini, kuma tururin nukiliya ya fi yi wa ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa illa. Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 120 suna aiki, shi ya sa ba a saurin ganin giɓinsu. Amma fararen da ke yaƙar cututtuka, wasunsu kwana ɗaya ma ba sa cikawa a cikin jini, masu tsayar da zubar jini kuwa kwana 10 ne iyakarsu. Abin tausayin shi ne, bayan amai da tashin zuciya na farko, majinyaci kan ji sauƙi har a ɗauka ya warke. Sai bayan mako biyu ko uku zazzaɓi da zubar jini su taso, lokacin da waɗannan ƙwayoyin da ke jiki suka ƙare kuma babu sababbi.

A wannan tsakanin ne magungunan ke da amfani. Ba sa tare tururin. Aikinsu shi ne zaburar da iyayen ƙwayoyin jini da suka tsira a cikin ɓargo su hanzarta haihuwa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Neupogen da Neulasta don wannan aiki a 2015, sai Leukine a 2018. Dukkansu fararen ƙwayoyi suke ƙarawa. A 2021 aka ƙara Nplate, mai ƙara masu tsayar da jini. Da yake ba zai yiwu a watsa wa mutane tururi don gwaji ba, hukumar ta dogara da gwajin dabbobi, musamman birai. Kuma ba baƙin magunguna ba ne, masu ciwon daji sun daɗe suna karɓar Neupogen bayan allurar kemo.

Sharaɗi biyu ne: a fara da wuri, cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a ce da sauran ɓargo mai rai. Ga wanda nasa ya ƙone ƙurmus, allurar ba ta da abin zaburarwa. Dashen ɓargo ma bai cika fitar da kitse daga wuta ba: cikin mutum 13 da aka yi wa bayan hatsarin nukiliya na Carnobil a 1986, biyu kaɗai suka rayu.

Maganin da ake bayarwa kafin tururin ya taɓa mutum shi ne har yanzu ake fafutukar samu. Akwai amifostin, wanda cibiyar binciken sojojin Amurka ta Walter Reed ta samar, sai dai yana jawo amai da faɗuwar awon jini, don haka ba a iya raba wa jama'a. Ƙwayar ayodin kuwa, wadda ake rububinta duk sanda aka ji labarin hatsarin nukiliya, halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo kaɗai take karewa. Ba ta yi wa ɓargo komai.