Dara Da Sojojin Roba: Yadda Ake Yaƙi A Kan Tebur

 Yau daga gida Ƙaraye nake magana da ku, kuma zancen namu na wasa ne. Amma irin wasan da ya kusa raba ni da abokina na shekara goma sha biyar, don haka ku gyara zama.

Abin ya faro ne daga wani bidiyo da ƙanena ya turo min. Wasu manyan mutane ne a Ingila, wani har da furfura, sun sunkuya a kan wani faffaɗan tebur. An jera 'yan ƙananan sojojin roba, ga 'yan gidaje, ga duwatsu, ga bishiyoyin ƙarya. Ɗaya ya zaro tef ɗin awo irin na kafinta yana auna tazarar da ke tsakanin sojansa da na abokin karawarsa, ya gama ya watsa 'ya'yan ludo kusan ashirin a lokaci guda. Ƙanena ya rubuto a ƙasa: "Yaya, waɗannan sun rasa aikin yi." Na yi dariya har da riƙe ciki. Da yamma na fita, na wuce ta gindin wata darbejiya a unguwarmu, na tarar da dattawa huɗu sun sunkuya a kan 'yan ramuka a ƙasa, sun yi tsit kamar ana rabon gado. Sai dariyar ta tsaya min a wuya. To mu da su meye bambancin?

Bari mu fara da nasu. Wasan yaƙi ne a kan tebur, kuma asalinsa daga sojoji ya fito. A ƙasar Furushiya, wadda yanzu wani ɓangarenta yake cikin Jamus, wani mutum mai suna Reisswitz ya ƙirƙiro wani wasa ya kai wa sarkinsu a 1812. Ɗansa, wanda hafsan soja ne, ya gyara dokokin ya fitar da su a 1824. Sunan wasan Kriegsspiel, ma'ana wasan yaƙi. A kan taswira ake yi, ɓangare ɗaya ja ɗaya shuɗi, ga alƙali a tsakiya wanda shi kaɗai yake ganin komai, kowane ɓangare kuma abin da sojojinsa za su iya hangowa kawai ake nuna masa. Rundunar ƙasar ta karɓe shi tana koyar da hafsoshi da shi. Da Furushiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka fara tambayar me waɗannan mutane suke yi a ɗaki, su ma suka kwaikwaya.

Daga bariki sai wasan ya shigo falo. A 1913 marubucin nan ɗan Ingila H. G. Wells ya fitar da littafi mai suna Little Wars, na dokokin yaƙi da sojojin wasan yara, har da 'yar igwa mai harba guntun katako. Sai 1975, wasu abokai uku a Landan suka buɗe kamfanin Games Workshop. Kun san da me suka fara? Sassaƙa allunan wasa na katako, ciki har da na wasan ramuka irin ayo na Yarabawa, da wani tsohon wasan Turai na jera uku wanda ɗan'uwan dararmu ne. Su ne suka fitar da Warhammer a 1983, da Warhammer 40,000 a 1987. Yau hedikwatarsu tana birnin Nottingham, kuma a Disambar 2024 sun shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan. Daga sayar da allon katako fa.

Yanzu ya ake shirin gasa? Nan ne abin ya burge ni. Sojojin nan ba a haɗe ake sayar da su ba. Gunduwa-gunduwa suke zuwa a jikin firam na roba, kai za ka yanko hannu, ka yanko ƙafa, ka manna da gam, ka fesa fentin farko, sannan ka zauna da siririn buroshi kana shafa wa sojan da bai kai tsawon ɗan yatsanka ba launin ido. Mutum yana iya yin watanni a kan runduna ɗaya. Kuma ba ka da damar kwaso duk abin da ka mallaka ka zube a tebur. Kowane rukunin soja da kowace tankar yaƙi tana da farashinta na maki, a manyan gasannin Warhammer 40,000 kuma yawanci maki 2,000 ake ba kowa. Kamar dai a ba ku kuɗin cefane daidai wa daida a ce kowa ya shiga kasuwa. Ka sayi manyan tankoki kaɗan, ko ka sayi ƙananan sojoji rututu, ruwanka. Za ka rubuta jerin rundunarka ka miƙa wa masu shirya gasa tun kafin ranar, in ka miƙa kuma shi ke nan, babu canji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar gasa, teburin inci 44 ne a faɗi, 60 a tsawo. Wasa zagaye biyar ne, yana cin kusan awa uku. Ka motsa soja da awo, ka yi harbi da 'ya'yan ludo, ka tara maki ta hanyar riƙe wasu wurare da aka ware a filin. Wanda ya zo da rundunarsa a fente tsaf ma akan ƙara masa maki 10. Gasar kwana biyu yawanci wasa biyar kowa yake bugawa. Akwai kuma manyan tarukan shekara-shekara, irin su Salute a Landan da AdeptiCon a Amurka, inda ake haɗa gasa da kasuwa da baje kolin fenti a waje ɗaya.

To mu dawo gindin darbejiya.

Ga waɗanda aka haifa da waya a hannu, ga yadda dara take. Ramuka 30 ake tonawa a ƙasa, layi biyar, kowane layi rami shida. Mutum biyu ne, kowa da 'ya'ya 12. Ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗaya ya kakkarya kara. Wasan hawa biyu ne. Hawan farko, kuna sa 'ya'yanku ɗaya bayan ɗaya, ni in sa kai ka sa, har su ƙare, kuma a wannan lokacin ba a yarda ka jera uku ba. In an gama, rami shida ne kacal ya rage babu kowa. Hawa na biyu shi ne tafiya: ɗa yana matsawa rami ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk sanda ka jera uku a layi, ka ci, sai ka cire ɗa ɗaya na abokin karawarka. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ba zai iya jera uku ba, an cinye shi. Ana buga ta a ƙasar Hausa, ana buga ta wajen Dakarkari a ƙasar Zuru, Zabarmawan Nijar kuma suna ce mata dili.

Kun lura da wani abu? Hawan farkon nan shi ne namu shirin rundunar. Su suna zaɓen sojoji a gida kafin gasa, mu muna zaɓen wurin zama a fili kafin a fara tafiya. Kuma a nan ake cin wasa. Wani dattijo a unguwarmu, muna ce masa Baba kawai, ya cinye ni sau shida a jere wata ranar Juma'a bayan la'asar. A na shidan, ina sa ɗana na tara sai ya ce, "Yaro, tashi ka sayo mana goro, wannan ta ƙare." Na ce Baba ai ko tafiya ba mu fara ba. Ya ce, "Kai ne ba ka fara ba." Ashe ya riga ya dasa 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin rami biyu, ya matsa nan ya cika uku, ya dawo can ya cika wasu ukun. Kowane motsi ci ne. Ni kuwa na tara nawa a tsakiya suna toshe wa juna hanya. Ina kallo ya tsince ni ɗaya bayan ɗaya kamar kaza da tsaba. Dara ba ta da ɗan ludo, babu sa'a a cikinta, ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi sai kanka.

Yanzu ga inda abin ya zama na gaske. Da ƙaramar Sallar da ta wuce, ni da wasu abokai muka ce bari mu haɗa 'yar gasa, samarin Ƙaraye da na Rogo, mutum 16. Dalilinmu ɗaya ne. Mun gaji da ganin ƙannenmu sun kifa kai a waya suna zuba kuɗin makaranta a cacar ƙwallo, ga wasan da kakanninmu suka bar mana kyauta yana mutuwa a hannun tsofaffi. Muka share fili, muka tona ramuka, muka sayo ruwan leda. Abu ɗaya muka manta: ba mu zauna mun yarda a kan doka ba, don kowa yana ganin ai dara dara ce.

A wasan kusa da na ƙarshe abokina na Rogo ya matsa ɗa ya jera huɗu a layi, ya miƙa hannu zai ci. Abokin karawarsa ya riƙe masa hannu ya ce huɗu ba ci ba ne, uku cif ake so. Shi kuma ya ce su a wajen da ya koya, in dai akwai uku a cikin huɗun an ci. Aka juyo gare ni a matsayin alƙali. Na yanke hukunci da dokar da na tashi da ita, na ce babu ci. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Dama na san ɗan gida za ka bi." 'Yan Rogo suka hau baburansu suka tafi, ko wasan ƙarshe ba a buga ba. Wata biyu ina kiransa ba ya ɗagawa. Mun shirya abu don haɗa zumunci, sai dara ta ci gida.

Kuma gaskiya ba ƙarya ya yi ba. Dara tana da bambanci daga gari zuwa gari, wani lokaci daga dandali zuwa dandali. Wasu sun hana jera huɗu sam. Wasu sun hana ka ci ɗan da yake cikin jerin uku na abokin karawarka. Laifin nawa ne da na tara mutanen gari biyu ban tambayi kowa da wace doka ya zo ba.

Shi ya sa da na koma kan bidiyon Turawan nan, ban ƙara ganin masu rashin aikin yi ba. Abu huɗu na ɗauko daga wajensu, kuma da su za mu yi ta gaba in Allah ya kai mu.

Na farko, takardar doka kafin ranar wasa. Su sukan fitar da ita makonni kafin gasa, kowa ya karanta. Mu ma shafi ɗaya ya ishe mu: huɗu ci ne ko ba ci ba, ana cin ɗan cikin jeri ko ba a ci, in ka taɓa ɗa dole ka motsa shi ko a'a, wa zai fara. A karanta a gaban kowa, kowa ya ce ya yarda.

Na biyu, alƙalin da ba shi da ɗan'uwa a wasan. In Ƙaraye da Rogo ne suke karawa, a samo dattijo daga wani garin, ko a zaunar da biyu, ɗaya daga kowane ɓangare.

Na uku, tsarin da ba a korar kowa. Mu da muka yi na sili ɗaya ƙwale, mutum takwas wasa ɗaya suka buga suka koma 'yan kallo, ciki har da waɗanda suka ƙona mai daga Rogo. Su kuwa suna amfani da abin da ake kira tsarin Suwizalan, wanda daga gasar chess aka aro shi. Kowa yana buga kowane zagaye. Bayan zagayen farko, wanda ya ci ya haɗu da wanda ya ci, wanda aka ci ya haɗu da irinsa, kuma ba a maimaita karawa. Da mutum 16, in babu canjaras, zagaye huɗu ya isa a samu mutum ɗaya da ba a taɓa ci ba. Kowa ya buga wasa huɗu, kowa ya koma gida da labari.

Na huɗu nawa ne na ƙara: ko sisi ba za a ɗora a kan wasa ba. Kyauta daga aljihun masu shiryawa za ta fito, ko shadda yadi biyar ce. Da zarar kuɗin 'yan wasa ya shiga, abin da muke gudu ne ya biyo mu ta taga.

Wani zai ce me zai hana mu sayo sojojin robar mu ma. Wanda yake da hali ya saya, ba laifi. Amma runduna ɗaya ta maki 2,000 kuɗinta ɗaruruwan fam ne na Ingila, ban da fenti da kuɗin kawowa, ku lissafa da canjin yau. Dara kuwa tsakuwa 12, kara 12, da ƙasar da kake tsaye a kai. Dambe da kokawa da langa duk sun samu shiga gasar wasanni ta ƙasa saboda an samu waɗanda suka zauna suka tsara musu doka. Masu iya dara na gaske a unguwarmu ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ƙaraminsu ya haura sittin.

Shi kuwa abokina, ranar wata Laraba na hau babur na je har Rogo, na same shi a shagonsa. Ban ce masa komai ba, na durƙusa a ƙofar shagon na fara tona ramuka. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Da dokar wa?" Na ce da taka. Ya cinye ni sau biyu, ya sayo min rake.

Aikin gida na wannan makon: ka nemi dattijo ɗaya a unguwarku da ya iya dara, ka gaishe shi, ka zauna ya cinye ka. Ka tambaye shi huɗu ci ne ko ba ci ba, ka rubuta amsar da sunan garinku, don muna tattara dokokin gari-gari kafin mu rubuta takardar tamu.