Baurin goro da jan ɓawon gyaɗa: sinadaran da ƙwayar tsiro ke kare kanta da su

Ka taɓa lura idan ka gutsiri farin goro ka ajiye, kafin wani ɗan lokaci wurin ya koma ja? Ko baurin nan da ke kama maka harshe idan ka tauna gyaɗa da jan ɓawonta? Duka biyun aikin dangi ɗaya ne na sinadarai, waɗanda masana ke kira sinadaran fenol. An gano sama da iri 8,000 a cikin tsirrai, kuma siffa ɗaya ta haɗa su: zobe na ƙwayoyin kabon shida, da ƙwayar oksijin da ta haidirojin maƙale a gefensa.

Tsiro ba don mu yake yin su ba. Ƙwayar iri takan yi watanni a rumbu ko a ƙarƙashin ƙasa tana jiran damina, ga ƙwari, ga fumfuna, ga zafi, kuma ba ta da ƙafar gudu. Shi ya sa uwar ke jibge mata waɗannan sinadarai, akasari a ɓawo.

Yadda suke hana mai lalacewa

Iskar oksijin da ke sa ƙarfe tsatsa ita ce ke lalata mai har ya sauya wari ya riƙa maƙaƙi. Abin yana farawa ne da wasu gutsattsarin sinadarai da ake kira radikal. Kowanne yana da giɓin lantarki guda, sai ya fizgo daga maƙwabcinsa, shi ma maƙwabcin ya zama radikal ya fizgi na gaba, kamar gobara a kasuwa. Sinadarin fenol yakan miƙa wa radikal haidirojinsa, shi kuwa ba ya zama mafizgi, domin zoben nan yana rarraba giɓin. Nan gobarar ke tsayawa.

Riɗi, wanda ake nomawa sosai a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, misali ne mai kyau. Yana ɗauke da sinadarin sesamolin, wanda zafin suya ke mayarwa sesamol, wani fenol mai ƙarfi. Wannan na cikin dalilan da suka sa man riɗi ke jimawa bai lalace ba.

To ƙwayoyin cuta fa?

Tun 1867 likitan tiyata Joseph Lister ya bayyana yadda yake wanke rauni da tsantsar fenol a asibitin Gilasgo don hana shi ruɓewa. 'Yan uwansa na cikin tsirrai ba su kai shi zafi ba, amma suna da hanyoyinsu: wasu suna huda fatar bakteriya har abin cikinta ya zube, wasu kamar tanin suna manne wa furotin ɗin da take aiki da shi, wasu kuma suna kame sinadarin ƙarfe da take buƙata don ta hayayyafa. Baurin da kake ji ma hakan ne: tanin ne ya kama furotin ɗin yawunka. A gwaji, bakteriya irin Staphylococcus aureus ta fi saurin jin jiki a kan E. coli, saboda ita E. coli tana da ƙarin fata ta waje.

Amma a yi hattara

Yawancin waɗannan sakamako a ɗakin gwaje-gwaje aka same su, da sinadari tatacce mai yawa, a cikin faranti. Cikinka ba faranti ba ne. Kaɗan ne hanji ke tsotsa, abin da ya shiga kuma hanta ta sauya shi. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalinta da ke jera abinci bisa ƙarfin kashe radikal, saboda 'yan kasuwa na talla da shi alhali ba a tabbatar alƙaluman suna nuna amfani a jikin mutum ba. Don haka idan wani ya ce maka garin ƙwayar kaza yana maganin taifot, kada ka ajiye maganin asibiti.

Sannan baiwar nan tana da gefe biyu. Tanin ɗin da ke hana bakteriya ƙarfe yana iya hana ka kai ma. Dawa mai yawan tanin tsuntsaye ba su cika yi mata ɓarna ba, amma tana rage ƙarfe da furotin ɗin da jiki ke samu, abin da ya shafi masu juna biyu da ƙananan yara kai tsaye. Jiƙa hatsi, ko barinsa ya tsiro, ko ya yi tsami kamar yadda ake yi wa gasarar koko, duk suna rage wannan matsala.

Abin da za ka ɗauka a nan mai sauƙi ne: ka riƙa cin wake da riɗi da hatsin da ba a surfe shi ƙal ba, gyaɗa kuma wani lokacin ka bar mata jan ɓawonta. Amma gyaɗar da ta yi fumfuna, zubar da ita. Babu fenol ɗin da zai cire mata dafin aflatoksin, mai lalata hanta.