Yadda za a tare ciwon sukari tun daga wurin aiki a Agege

Ciwon sukari nau'i na biyu ba ya faɗa wa mutum dare ɗaya. Kafin ya bayyana, akan shafe shekaru sukarin jini yana sama da ƙa'ida, amma bai kai matakin cuta ba, kuma galibi babu wata alama da mai shi zai ji a jikinsa. Wannan matakin share fage shi ne lokacin da rigakafi ya fi yin tasiri.

Gwajin jini ne kaɗai ke nuna shi. Idan aka auna mutum da safe kafin ya karya kumallo, aka sami miligiram 126 ko fiye a kowace desilita, kuma gwaji na biyu ya tabbatar, to ciwon ya kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar 110 zuwa 125 a matsayin matakin share fage, yayin da likitocin Amurka ke fara lissafi daga 100.

Alƙaluman hukumar sun nuna cewa masu ciwon a duniya sun ƙaru daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. A Nijeriya, wani nazari da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 5.8 cikin 100 na jama'a na ɗauke da shi.

Hujjar cewa ana iya tare ciwon ta fito ne daga manyan bincike. Wanda aka fi ambata shi ne na Amurka da aka wallafa a 2002, wanda ya bibiyi mutum 3,234 da ke matakin share fage na kusan shekara uku. Waɗanda aka taimaka wa suka sauya abinci tare da motsa jiki, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba maganin metformin kuwa, nasu ya ragu da kashi 31.

Abin da aka nema daga gare su bai fi ƙarfin talaka ba: rage kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki, da motsa jiki na minti 150 a mako. Ga mai nauyin kilo 80, wannan na nufin sauke ƙasa da kilo shida, da tafiya da sauri ta rabin sa'a, kwana biyar a mako.

A kan wannan sakamako Amurka ta kafa shirinta na ƙasa a 2010, inda mahalarta ke haɗuwa rukuni-rukuni da mai horarwa har tsawon shekara guda. Kamfanoni da dama sun kai shirin cikin ma'aikatunsu, domin a nan ne ma'aikaci ke shafe yawancin yininsa, kuma a nan yake cin abincin rana.

Sai dai a Agege, ɗaya daga cikin tsofaffin matsugunan Hausawa a Legas, wurin aikin mafi yawan jama'a ba ofis ba ne. Kasuwa ce, da tashar mota, da mayankar Oko-Oba, da teburin canjin kuɗi, da ƙofar gidan da ake gadi. Babu sashen kula da ma'aikata da zai kira taro, amma kusan kowace sana'a tana da ƙungiya da shugabanni masu faɗa a ji. Ta hannunsu, da na fadar Sarkin Hausawa da limamai, irin wannan shiri zai iya isa ga jama'a.

Yanayin sana'o'in ma yana ƙara haɗarin. Ɗan kasuwa kan wuni a zaune, direban babbar mota kan kwana a kan sitiyari, mai gadi ba ya samun barcin dare. Abincin da ya fi kusa shi ne burodin Agege da shayi mai sukari, ko shinkafa da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kusan gram 50 a yini ga baligi, kuma gorar lemo guda mai santilita 50 kan kusan cinye wannan adadi.

Saboda haka shirin da ya dace da unguwar zai fara da gwaji a bakin kasuwa, tare da ma'aikatan cibiyoyin lafiya matakin farko ko Babban Asibitin Orile-Agege. Waɗanda aka samu a matakin share fage sai su zama rukuni, su riƙa auna nauyi a kowane mako, su yi tattaki tare bayan sallar asuba ko la'asar. A kuma jawo masu shayi da masu sayar da abinci a ciki, su rage sukari, su ƙara wake da ganye.

Wanda gwaji ya nuna ciwon ya riga ya kama shi kuwa, likita zai gani, kada ya tsaya ga rukuni. Masu matakin share fage kuma ana ba su shawarar sake gwaji sau ɗaya a kowace shekara.