Hoton titi: wa zai adana mana kamannin zango?

Kusan kowane gida a zango yana da hoton biki ko na sallah. An ci ado, an tsaya cak, mai hoto ya ce a yi murmushi. Amma ina hoton layin da gidan yake, da mai koko da ƙosai da sassafe, da almajirai da allunansu a zaure? Wannan shi ake kira hoton titi, kuma shi ne muke da ƙarancinsa.

A taƙaice, hoton titi shi ne ɗaukar rayuwar mutane a bainar jama'a yadda take, ba tare da an shirya kowa ba. Ba dole sai a kan titi ba. Kasuwa, tasha da bakin masallaci duk suna ciki. Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, wanda littafinsa na 1952 ya yi suna, ya gina aikinsa kan jiran daƙiƙar da motsi da haske za su haɗu. Kafin shi, Eugène Atget ya shafe kusan shekara 30 yana ɗaukar tsofaffin lungunan Paris. Ya rasu a 1927, kuma yau hotunansa ne shaidar wuraren da suka ɓace.

Mu ma a nan Ghana muna da namu. James Barnor, haifaffen Accra a 1929, ya yi wa jaridar Daily Graphic da mujallar Drum aiki, ya kuma buɗe shagon hotonsa, Ever Young, a Jamestown. Bai tsaya cikin shago ba, ya fita titi. Fina-finan da ya adana su ne suka kai aikinsa babban baje koli a Landan a 2021.

To, me ya sa fim, alhali kowa na da waya? Naɗin fim ɗaya yawanci hoto 36 ne, sai kuma an biya kuɗin wanki. Dole mutum ya natsu kafin ya danna. Sannan fim ɗin da aka wanke, in an kare shi daga danshi da zafi, yana iya kai wa jikoki. Hoton waya kuwa, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan, in ba a kwafe shi wani wuri ba. Ban ce a jefar da waya ba. Wanda fim ya yi masa tsada ya ɗauka da ita, amma ya wanke hoton a takarda.

Lamarin na gaggawa ne. A Yulin 2021 aka tashi kasuwar albasa ta Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, aka share wurin. Sabon Zango, wanda Malam Bako ya kafa fiye da shekara 100 da suka wuce, da Nima, kullum canzawa suke: a rushe gidan tsakar gida, a dasa bene. Nakan tambayi ɗalibaina me ke wurin da wani bene yake kafin a gina shi. Sai shiru, sai kallon juna.

Sai dai akwai ladabi. Zango ba wurin da za ka saci hoton mutum ba ne. A ganina, ka yi sallama, ka gaida mai unguwa, ka faɗi nufinka, ka zauna har a manta da kyamararka. Wanda ya ce a'a, saboda addini ko kunya, ka ƙyale shi. Mata da yara sai da izini. Kada kuma ka bi kwata da bola kaɗai. Baƙi sun ishe mu da wannan.

In ka wanke, rubuta a bayan hoton: rana, layi, da sana'ar da ake yi. Ka kai wa masu wurin kwafi ɗaya. Ko layinku kaɗai ka ɗauka a bana, ka bar wa na baya abin nunawa.